Auta da Igiyar Shanya

Yau autanmu ya shigo gidana da farar riga mai kwala, an ɗinka tambarin filin golf a ƙirjinta. Sun ɗauke shi ya riƙa koya wa sababbin shiga. Tun safe bakina ya ƙi rufuwa, saura kaɗan in ƙona rigar mutane da dutsen guga. Amma abin nan da daɗi, da ciwo kuma.

Ni ce babba a ɗakinmu. Daga firamare na kama wanki da guga. Shi kuma tun yana saurayi yake ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna a filin golf, wasan nan da ake bugun ɗan farin ƙwallo da sanda har ya faɗa rami. Ranar da ba baƙi, akan bar masu ɗaukar jaka su ma su buga. Allah ya ba Auta ƙarfi. In ya ɗaga sanda sai ka ce itace zai fasa, shi ya sa abokansa suka sa masa Faskare. Ƙwallo zai tashi har ya ɓace wa ido, amma inda zai sauka, oho. Yau cikin ruwa, gobe cikin bishiyoyi.

Akwai wani tsohon koci a filin da ya so shi ƙwarai. Kullum yana ce masa ya rage hannu, ya fara da ɗan gajeren bugu, sanda na lilo daga gwiwa zuwa gwiwa, in wannan ya zauna masa sai ƙugu zuwa ƙugu, har fuskar sanda ta saba haɗuwa da ƙwallo daidai. Auta ya ce wannan ai wasan yara ne da tsofaffi. Har gida yake zuwa yana kwaikwayon tsohon da muciya, Mama tana ce masa ya dai bi a hankali, abin da babba ya hango yaro ko ya hau bishiya ba zai gani ba.

Sai ga shi an ce za a zaɓi mutum ɗaya cikin masu jaka a tura shi horo. Ranar gwaji ba wanda ya kai Auta nisa, ba kuma wanda ya kai shi ɓata ƙwallo. Aka ɗauki wani siririn abokinsa da suke yi wa dariya saboda ɗan gajeren bugunsa. Yanzu a talabijin muke ganinsa. In an nuno shi, Auta sai ya tuna yana da abin yi a waje.

Haka ya ci gaba da faskarensa har furfura ta fara leƙowa, kafaɗa kuma ta ce ta gaji. Likita ya ce kada hannun nan ya sake wuce ƙirji. Jaka ta gagare shi, fili ya fi ƙarfinsa, shi da bai san wani aiki ba a duniya. Ya dawo tsakar gidana yana zama kan turmi, ko magana ba ya so.

Wata rana ya ɗauko tsohuwar sandarsa ya ɗaga, sai ta sarƙe igiyar shanya, zannuwan gadon mutane suka zube ƙasa. Na ce masa, “Auta, wallahi ka sake taɓa min igiya, kai za ka sake wankin nan da kafaɗar taka.”

To, ga likita ga ni. Dole ya koma bugu a ƙasan igiya. Ya naɗe tsofaffin safa kamar ƙwallo, ya ajiye bahon wankina can gefe. Da farko ina cikin ɗauraya, safa na faɗo min a ka. A hankali sai na fara jin suna faɗawa cikin baho, tim, tim. Ya ce min wai ashe ba hannu ke bugu ba, ƙugu ne ke juyawa, nauyi ya koma ƙafar gaba. Ni dai ban gane ba, amma na ga ya fara cin abinci.

Da ya koma fili, tsohon kocin yana zaune a inuwa, ya riga ya yi ritaya, kallo kawai yake zuwa. Auta ya jera ƙwallaye kusa da rami ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya tambaye shi wa ya koya masa.

Auta ya ce, “Kai ne, Baba. Ni ne dai ban ji da wuri ba.”

Tsohon nan ne ya kai maganarsa ofishin filin, har suka ɗauke shi.

Ɗazu da ya nuna min rigar, na yi ta juya shi ina duba ɗinkin. Shi kuwa yana shafa kafaɗa. Ya ce, “Yaya, yanzu na san yadda ake yi, hannun kuma ba ya ɗagawa. Da ma Mama tana nan ta gani.” Sai na ce ya cire rigar in goge masa kwalar.

Da zai tafi ya ce an ba shi wani ƙaton ɗalibi mai ƙarfi kamar doki, ya ƙi gajeren bugu, wai na yara ne. Ya tambaye ni ko ina da igiyar da ba na amfani da ita. Na kwance masa tawa ta tsakar gida.