Layar da ta shiga tabki

Wata Alhamis ce bayan an gama yankan gero, wajen 1925 in ji masu lissafin Nasara, ina da shekara takwas. Ni da Inna muna sussuka a gindin rumbu, a ƙauyenmu na kwarin Tarka, sai ga raƙumi ya durƙusa a ƙofar gida. Da mai shi ya yi sallama, taɓarya ta suɓuce daga hannun Inna, abin da ban taɓa gani ba. Tsohon ubangijinta ne, wanda ta yi wa bauta a Abzin kafin ta sami kanta ta auri Baba. Ba don ita ya zo ba. Cewa ya yi abin da baiwa ta haifa na mai baiwa ne, kamar yadda ɗan raƙuma yake na mai raƙuma, don haka ni zai ɗauka. Baba ya ce ba a ƙofar gidansa ba, sai dai su haɗu gaban kumandan na Nasara a barikin Tanut.

Tun ina rarrafe akwai wata faffaɗar laya ta jar fata a wuyana, wadda na ɗauka maganin mayu ce. Dokar Inna biyu ce a kanta: kada in cire ta, kada ruwa ya taɓa ta. Ko wanka za ta yi mini, da haƙora take riƙe ta. Ta farko na kiyaye. Ta biyu kuwa, Allah dai ya yafe mini. Da zarar tabki ya cika da damina, mukan bar awaki a inuwar aduwa mu faɗa ruwa, mu yi ta kurme har idanunmu su yi ja. In na fito sai in shanya layar a ƙirjina, in murza mata ɗan man shanu, in koma gida kamar mutuniyar kirki. Damina uku ina wannan taɓargaza.

Sai a hanyar Tanut, bisa jaki, Inna ta gaya mini ba laya ba ce. Takardar ƴancinta ce da aka ba ta a bariki. Ta rataya mini ita ne saboda gara da gobara, kuma ko an sace ni a wurin kiwo, shaidata tana wuyana. Na tabbata takardar ta lalace, don na sha ganin abin da ruwa yake yi wa rubutun allo. Kwana biyu muna tafiya, ina ta ɓoye mata zancen tabki.

A bariki muka tarar da kumandan bisa kujera, tafinta tsaye a gefensa, mutumin nan kuma ya riga mu isa. Aka kira baduku daga kasuwa ya farke ɗinkin layar, ni kuwa na runtse ido. Da na ji shiru ya yi yawa na buɗe, sai na ga ƙarƙashin fatar akwai ƙyalle da aka dafe da kakin zuma, ninki bisa ninki. Takarda ta fito busasshiya, hatiminta raɗau. Tafinta ya karanta, kumandan ya yi magana a taƙaice, aka juya mana da Hausa cewa babu mai iko da yarinyar nan sai iyayenta. Nan na fashe da kuka, na tona wa kaina asirin tabki a gaban kowa. Inna ta dungure mini kai ta ce, "Ke tafi can, ni na haife ki. Kina tsammani ban ga kitsonki a jiƙe ba?" Ashe tun daminar farko ta sa aka sake ɗinkin ina barcin rana.

Kada a ce ina yabon Nasara. Barikin nan dai shi ya kwashe su Baba zuwa aikin dole a ranin shekarar, ya dawo ƙafa duk faso. Amma ran nan na koma gida a bayan uwata, ina cin gyaɗa.

Yau jikokina kowa da katinsa na ɗan ƙasa, da shi suke jefa ƙuri'a, su dawo su yar da shi bisa taga. Ba na yi musu faɗa, don ba su taɓa jin raƙumi ya durƙusa dominsu ba. Layar tana nan cikin akwatina, wani lokaci nakan ɗauko in sansana. Har yanzu da sauran ƙamshin kakin Inna.