Kwanuka Tara Da Anti Laure Ba Ta Gasa Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaka da wanke-wanke da safen nan aka kira ni a waya, wai Anti Laure ta rasu. Ciwon kwana biyu kacal. An kai ta makwancinta a Malumfashi, na dawo Funtua, amma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya.

Ga wanda bai san ta ba, malamata ce. Kwanukan tangaran take yi da farar ƙasa, sirara, in ka ɗaga ɗaya a rana har inuwar yatsunka kake gani. Tana zana musu kura da dodo da sauran mutanen tatsuniyar da kakarta ta riƙa yi mata a wani ƙauyen Maguzawa bayan Ƙarfi.

Shekara uku ina zuwa wurinta, ba ta taɓa bari na hau mota da yunwa ba. Ko rogo da ƙuli ne sai ta ƙulla min a leda.

Makona na farko na tafka shirme. Na ga layi uku a gefen wani ɗanyen kwano, na ɗauka ƙarzuwa ce, na jiƙa soso na goge tas, har ina jiran yabo. Ta daɗe tana kallon kwanon, sannan ta ce, "Hadiza, zanen fuskar kakata kika share."

Ba ta yi min faɗa ba. Wallahi da marina ta yi da ya fi min sauƙi.

Bara 'yan bindiga suka ƙone ƙauyen kakar tata. Da abin ya lafa ta je da ƙafarta, ta bi rumbunan da wuta ta cinye tana ɗibar toka, kowane gida da ƙullinsa. Da tokar take haɗa ruwan da ake shafa wa kwano don ya yi sheƙi in an gasa. Mata tara 'yan ƙauyen, kwano tara, kowanne da tokar rumbun mai shi da zanen gidansu a gefe. Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Anti, wa zai so cin tuwo a cikin gobararsa?" Ta ce, "Su suka ce in yi. Ke dai riƙe min rariya."

Ranar Talata ce ganina da ita na ƙarshe. Ta shafa wa kwanukan duka ruwan tokar, ta jera a murhun gashi, toka ko ƙyas ba ta rage ba. Ta ce kanta na sara mata, a bar kunna gas sai Asabar. "Wannan karon ke za ki kula da wutar, ni ido ne nawa."

Gobe ce Asabar.

Ban taɓa gashi ni kaɗai ba. Wuta ta yi yawa su lanƙwashe, ta yi sauri su tsage, kuma babu inda za a samo wata tokar, damina ta wanke wurin. Tun a motar zuwa Malumfashi na yanke cewa zan bar su haka, gara ɗanyu da in fasa su da hannuna. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

A gidan rasuwa wata tsohuwa daga cikin matan nan tara, Iya Tabawa, ta kamo zanina ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yar nan, ke ce mai taya ta? Kwanon nawa ya gasu? Maigidana a rumbun nan ya ɓuya ranar. Ba ni da kabarin da zan nuna wa jikoki, kwanon nake jira."

Na ji bakina ya ce, "Gobe, Iya, in sha Allahu."

Allah Ya jiƙan Anti Laure, Ya haskaka kabarinta, Ya yafe mata kurakuranta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. Ku haɗa da ni, da hantsi zan kunna wutar, Allah Ya fito da na Iya Tabawa lafiya.