Yadda Ango Magini Ya Dawo da Ƙwallon Kawunsa

Duk wanda ya tashi a Kende a shekarun da Bature ke shirin naɗe kayansa ya san Ango magini. Ko bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don kullum yana can bisa katanga ya ba jama'a baya. Sunansa na yanka Bunyaminu, amma an haife shi ranar ɗaurin auren kawunsa Na'Allah, sai Ango ya bi shi har tsufa. Mahaifinsa bai yi tsawon rai ba. Kawun nan shi ya riƙe shi, shi ya kai shi koyon gini, shi ya tsaya masa har ya auri Saratu.

Aikin gini a wancan lokaci aikin jifa ne da cafewa. 'Yan ƙasa su kwaɓa ƙasa, su cura, su jefo, magini yana zaune bisa katanga ya cafe ya ɗora. Ango ba ya ma waiwayawa. Yana cikin hira zai miƙa hannu, curin ya faɗo ciki, ko an jefo shi a karkace. Daga Kurgu har Sharabi ba a taɓa jin tubali ya kuɓuce masa ya fasa kan wani ba, kuma ya san da haka, don ba ya rasa ɗan taƙama.

Na'Allah falke ne, fataken goro. Wata shekara ya dawo daga Gwanja da abin da ba a taɓa gani ba a Kende: ƙwallon fata na gaske, mai igiya a baki da roba a ciki, wanda sai da famfon keke ake hura shi. Samari suka yi caa. Da aka zo neman mai tsaron gida ba a yi dogon tunani ba, aka ce a sauko da Ango daga katanga. Aka kafa sanduna biyu, aka tsayar da shi tsakani, aka ce duk abin da ya zo ya kama. Ya kuwa kama. Filin nasu ba layi ba iyaka, saboda haka in ya cafe yakan ɗan zagaya da ita a hammata kafin ya jefa, ba wanda ya taɓa ce masa don me.

To Na'Allah mutum ne mai baki. A wani ƙauye da ke hayin iyaka, cikin ƙasar Dahome, wanda ake kira Tungar Safi, yana da abokan ciniki Dandawa, kuma abokan wasa ne, ba a haɗuwa sai an yi tsiya. Can ya je ya cika baki cewa samarin Kende sun fi ƙarfin kowa. Aka ce a gwada. Don a ji daɗin abin, shi da bakinsa ya ce duk garin da ya ci shi zai riƙe ƙwallon har kaka ta zagayo, in an yi canjaras kuma ta zauna inda take.

Bayan an gama girbin gero mutanen Tungar Safi suka hayo Kwara suka iso. Babbansu a fili wani dogo ne mai suna Maliki, ga ƙafa ga dariyar ƙeta. Sun zo da malamin makarantarsu a matsayin alƙalin wasa, da usur ɗinsa a wuya. Malamin ya sa aka zana fili da toka, har da wani ɗaki a gaban sandunan Ango. Ango ya dubi zanen ya ɗauka ado ne.

Ana cikin wasa Maliki ya sheƙo wata ƙwallo, Ango ya cafe ta. Da ya ɗaga kai sai ya ga hanya fetal. Ai kuwa ya danna ta a hammata ya zura. Ya goce wa wannan, ya tsallake wancan, ya bangaje na uku, bai tsaya ba sai da ya kai gidan baƙi ya dire ta a hankali, kamar mai ajiye tulu. Mata suka rangaɗa guɗa. Ya juyo yana washe baki, sai ya tarar da baƙi suna birgima a ƙasa don dariya, alƙali kuma yana ta busa yana nuna masa waje. Aka sa wani manomi a gidan, wanda ko kaza bai iya kamawa ba, Maliki ya zura masa ɗaya. Da la'asar Kende tana kallo aka ɗora ƙwallon Na'Allah a kai, aka nufi bakin kogi da ita ana waƙa.

Na'Allah bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Abin da ya yi shi ne ya daina amsa gaisuwarsa. Kullum da safe Ango zai je ƙofar zaure ya durƙusa, kawun ya kau da kai ya ci gaba da jan tasbaha. A kasuwar hayi an mayar da Na'Allah abin dariya, kowa ya gan shi sai ya tambaye shi ko ɗansa zai sake kawo musu saƙon ƙwallo a hammata. Abin ya ci masa rai, ya kuma huce a kan yaron da ya rena da hannunsa. Ango ya ji zafin wannan fiye da duk tsiyar gari. Ya ce wa Saratu shi ba ƙwallon ce ta dame shi ba, muryar kawunsa yake so ya sake ji, kuma ya san ba zai ji ta ba sai ƙwallon ta dawo Kende.

Shekara ta zagayo aka tafi hayi ba da shi ba, aka sha kashi aka dawo. Shi kuwa ya riga ya gane inda matsalar take: hannu yana da shi, ƙafa ce babu. Sai ya yi abin da babban magini ba ya yi, ya riƙa saukowa daga katanga yana shiga kwaɓin ƙasa tare da 'yan aiki, don ƙafafunsa su yi ƙwari. Saratu ta ɗinka masa dunƙulen tsumma. Duk inda aka kira shi gini, ko Sharabi ne, da ƙafa zai kora tsumman nan har can, ya koro shi har gida. Ka ga ƙato da gemu, magidanci, yana bin tsumma a hanyar gona. Wasu suka ce ya taɓu, wasu suka ce a nema masa rubutu. Saratu dai in ya yage sai ta sake ɗinkewa, tana mita tana ɗinki.

A shekara ta biyu dole ta sa aka mayar da shi tsaron gida. Ya tare duk abin da Maliki ya aiko, aka tashi ba ci, ƙwallo ta zauna inda take. Ya dawo ya durƙusa a ƙofar zaure, kawun ya dubi hannuwansa, ya ga ba komai, ya kau da kai.

Sai ga shekarar mulkin kai. Dahome ta samu nata da damina, Nijeriya ta biyo baya da kaka. Mutanen Tungar Safi suka aiko cewa bana ba wasan ƙauye ba ne, ƙasa da ƙasa za a kara, don haka Kende ta zo da shirinta. Aka tafi da 'yan tutocin kore da fari da aka raba wa 'yan makaranta, aka soka su a kan sanduna. Na'Allah ya ce ƙafarsa na ciwo, bai je ba.

Wasan ya yi zafi, kuma gaskiya Tungar Safi ta fi su iyawa. Ango ne kawai ya hana a yi musu wulaƙanci, ya kama ta sama, ya kama ta ƙasa, har yatsansa ɗaya ya kumbura. Rana ta yi sanyi ba wanda ya ci, alƙali, malamin nan dai na da, ya fara duban agogo. Canjaras kuwa a wurin Ango faɗuwa ce. Sai masu gida suka samu bugun kwana, suka ɗungumo gaba ɗaya suna neman su rufe wasan da ci. Aka bugo, Maliki ya tashi ya sa kai, Ango ya riga shi ya cafe.

Ya ɗaga kai, ga hanya fetal. Ya ruga, ƙwallo a hannu, mutanen Kende suka dafe kai. Maliki yana bayansa yana dariya, ya ce, "Tahi da ita, Ango, kai muna saƙo har gida."

Daidai kan layin toka ya sake ta ƙasa, ya bi ta da ƙafa. Ya bar gidansa wayam, in aka ƙwace shi ke nan an gama da shi a Kende. Na farko ya taro shi, ya zille. Na biyu ya kawo masa shura a ƙwauri, ƙafar da ta sha kwaɓi ko gezau. Dariyar Maliki ta tsaya, ya biyo shi da gudu na gaske, amma ya makara. Mai tsaron gidan Tungar Safi ya fito yana buɗe hannuwa, Ango ya tura ta gefensa, ba da wani ƙarfi ba, ta gangara ta shige tsakanin sanduna. Bai yi murna ba tukuna, sai ya juya yana kallon alƙali. Malamin ya busa, ya nuna tsakiyar fili, sannan ya zo da kansa ya ba shi hannu. Maliki ma, da aka tashi, shi ya ɗauko ƙwallon ya damƙa masa, ya ce a gaida tsoho.

Daga nan sunan Ango ya fita. Ya yi shekaru yana tsare gida, an ɗauke shi ya buga wa Bagudo, an kai shi Birnin Kebbi, sau ɗaya har Sakkwato. Ko'ina aka san shi da kamawa da kuma fitowar nan tasa mai tsinka zuciyar magoya baya, wadda wani lokaci takan ci, wani lokaci ta jawo masa zagi. Bai bar gini ba, da gwiwa ta gaza ya koma katangarsa. Amma in ka tambaye shi ranar da ta fi masa, ba ya kawo zancen Sakkwato, ranar da suka iso gida yake faɗa.

Sun shigo Kende bayan la'asar da kiɗa, gari ya fito. Ango ya sulale daga cikin taron ya nufi zauren kawunsa. Ya durƙusa, ya ajiye ƙwallon a bakin tabarma, ya yi gaisuwa. Na'Allah ya ɗauke ta yana jujjuyawa. Ta koɗe, ta sha faci, igiyar bakin ma ba ta asali ba ce. Ya daɗe yana shafa ta, har Ango ya fara yunƙurin tashi kamar kullum.

"Ina gajiya, Ango?" in ji tsohon.

Hawaye suka zubo wa Ango. Na'Allah ya yi kamar bai gani ba, ya matsa gefe ya bar masa rabin tabarmar.

"Zamna nan," ya ce. "An ce da ƙahwa ka kai ta. Ban yarda ba sai na ji ga bakinka. Hwaro min tun daga hwarko, kak ka tsallake komi."

Ango ya share fuska ya zauna, ya fara. Da ya kai inda ya wuce Maliki, tsohon ya tsayar da shi, ya ce ya koma baya ya sake faɗin wurin nan.