Inna Ta Ce In Ɗaga Kai, Ban Ɗaga Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar Inna, mahaifiyata. Ta rasu a gidanmu na Gummi da hantsi, ana tsakiyar yankan shinkafa, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo, ƙanwata Rakiya takan tuƙa tuwo ta raba sadaka, ni kuma in yi addu'a in koma bakin aikina. Bana na ce bari in rubuta wani abu, domin akwai maganar da na daɗe ina ɓoyewa: ban iya tuna fuskar uwata. Na san tsayinta, na san takunta, na san kaushin da ke diddigenta na hagu. Amma in na rufe ido na nemi fuskar, ba na samun komai. Hoto kuwa ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya tashi a ƙasarmu ba ya bukatar bayani, amma saboda yaran yanzu bari in faɗa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, a gaban mutane ma ba ta nuna ta san da zamansa. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Nasarawa Burkullu, ban dawo Gummi ba sai da makaranta ta dawo da ni. Sunana Lawali, amma a bakin Inna ni "yaron ga" ne, har na yi gemu. In tana da magana da ni, Rakiya take faɗa wa, ko da kuwa ina durƙushe a gabanta. Ni ma na riƙe nawa ɓangaren da kyau, har ana buga misali da ni a dangi. Daga bakin ƙofa nake zubewa in gaishe ta, idona a kan tabarma, in tashi in fita ban ga abin da ya wuce gwiwarta ba.

Sai ta juya baya nake samun damar kallo, kuma abin da na fi gani shi ne wuyanta. A miƙe yake sambal. Takan ɗauko damin shinkafa tun daga fadama, ko tulu cike da ruwa, ba ta kai hannu ta dafa ba, tana tafe tana amsa gaisuwar mutane. Matan unguwa suna yi mata tsiya wai ta haɗiyi taɓarya. Ba ta kula su.

Ni kuwa wuyana ya tafi wata hanyar. Na sami aikin buga takardu a wani ofis a Anka, da fari da tafireta, daga baya da kwamfuta. Teburin gajere ne, kujerar doguwa, don haka a duƙe nake wuni tun safe har la'asar, kaina ya yi gaba kamar na kazar da ta hango tsaba. Da waya ta zo sai ta karɓi sauran lokacin. Ciwon daga ƙeya ya faro, ya gangaro kafaɗa, har yatsuna biyu na hannun dama suka riƙa mutuwa. Wanzami ya yi mini ƙaho. Wani mai ɗori ya ja kaina har na ga taurari. Man zafi kam na shafa har abokan aiki suka riƙa sanin na iso tun ban yi sallama ba. In an kira ni daga gefe, sai dai in juyo da jikina gaba ɗaya.

Wata huɗu kafin rasuwarta na zo gida ƙarshen mako. Na durƙusa na gaishe ta kamar kullum, da na zo tashi sai na dafe ƙeya. Ban san ta lura ba. Sai na ji ta ce wa Rakiya, wadda ke tankaɗe a gindin turmi:

"Ke Rakiya, mi as sami wuyan yaron ga?"

"Aikin ofis na, Inna. Wuni shikai duƙe."

"Hwaɗa mai kai ma kaya na. In ba a aza shi bisa tsakiyar wuya ba, wuya shika shan wahala."

Rakiya ta maimaita mini kalma bayan kalma, kamar ban ji ba. Haka tsarin yake. Daga nan Inna ta sa ta ɗauko ƙwaryar da take dama fura, babu komai a ciki, babu gammo.

"Aza mai bisa kai. Shi ja haɓatai baya kaɗan, shi saki kahwaɗu, shi dubi gabanai, shi taho."

Inna ta je can ƙarshen tsakar gida, kusa da rumbu, ta tsaya. Ni ina bakin zaure da ƙwarya a ka, magidanci mai shekara arba'in da ɗoriya. Wanda ya taɓa gwadawa ya san ƙwarya ba ta zama sai ido na kallon gaba sosai, kuma a gabana sosai Inna take. Na yi taku huɗu. A na biyar idona ya sauka ƙasa da kansa, kai ya bi shi, ƙwarya ta faɗi. Rakiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Aka sake aza mini, ta sake faɗuwa a daidai wurin nan. A karo na uku ta gangara har gaban Inna. Ta ɗauka, ta goge ta da gefen zanenta, ta miƙa wa Rakiya.

"Kunya ka hana shi," in ji ta. "Bari in ba shi wuri."

Ta shige ɗaki ta saki asabari. Ni kuma na fuskanci bangon rumbu na yi ta kai da komowa, sau goma ko fiye, ƙwarya ko motsi ba ta yi ba. Daga cikin ɗaki na ji muryarta: "Ya iya?" Rakiya ta ce na iya. Ta ce, "To shi riƙa yi kullum."

A ranar daɗi na ji. Na koma Anka ina ganin na nuna tarbiyya. Sai bayan shekaru tunanin ya zo mini cewa tsakar gidan nan faɗi gare ta. Tana iya tsayawa a gefe, tana iya zama a bakin ɗakinta ta bayar da umarni. Ta zaɓi ta tsaya daidai inda idona zai sauka, ta jira har sau uku. Ko da niyya ta yi, ko kuwa ni ne nake ƙirƙira wa kaina labari, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ranar da ta rasu, a ofis waya ta same ni. Kafin in iso mata sun gama yi mata wanka da sutura. Rakiya ta fito ta kira ni in shiga in yi mata addu'a, ta ce an bar fuskar a buɗe saboda 'ya'ya. Na shiga. Jikina ya yi abin da ya saba: na durƙusa ta wajen ƙafafu, idona a kan tabarma, na karanta abin da ya sawwaƙa, na fito. Kwana uku na yi zaune a ƙofar gida ina karɓar gaisuwa, kaina a sunkuye. Ina jin mutane suna cewa dubi yadda rashin nan ya karya Lawali. Gaskiyar magana ita ce ban ji komai ba sai zafin da ke ƙeyata. Na ɗauka baƙin cikin yana tafe, zai riske ni bayan arba'in, ko ranar Sallah in na shiga gida ban tarar da ita ba. Har yau ina jiransa.

Bayan rasuwar ne na je asibiti a Gusau. Likitan ya duba ya ce ƙashi lafiya lau, zama ne ba na yi daidai. Ya ce in ɗora kwamfutar a kan wani abu har ta zo daidai idona, in jingina bayana da kujera, ƙafafuna su taka ƙasa. In riƙa tashi duk bayan rabin awa ina ɗan zagayawa. In ɗago waya zuwa fuska maimakon in kai fuska wurin waya. In rage tudun matashin kai, in daina kwanciya rub da ciki. Sannan ya nuna mini yadda zan riƙa jan haɓa baya ina riƙewa kaɗan ina saki. Na ce masa wannan kam an riga an koya mini, na ba shi labarin ƙwarya. Ya yi dariya ya ce in dai babu komai a cikinta in ci gaba. Amma ya ƙara da cewa kada in ɗauka kayan da mata ke ɗauka a ka ba ya cin su. Da yawansu, in ji shi, da ciwon suke tsufa ba su faɗa wa kowa ba.

Da na dawo na tambayi Rakiya ko Inna ta taɓa yin ciwon wuya. Ta dube ni kamar wanda ya tambayi ko akwai ruwa a gulbi. Ashe shekara da shekaru, duk yamma, ita ke gasa wa Inna wuya da tsumma mai ɗumi, ta shafa mata man shanu. Wuyan da na yi ta kallo daga baya ina ganin ba ya gajiya, ciwo yake yi kamar nawa, ta dai ƙi bari ya ranƙwafa ne. Kowa a gidan ya sani ban da ni.

Wani lokaci in na biyo ta tasha a Gummi nakan yi tunanin abin da za ta ce da za ta ga garin yau. Ga 'yan kabu-kabu jere a kan baburansu, ga masu shago, ga majalisar samari a gindin bishiyar bedi, kowa ya kifa kai a kan tafin hannunsa, shiru kamar ana wa'azi. Na san abin da za ta fara yi. Za ta gyara lulluɓi ta tambayi Rakiya wane babban mutum ne yake wucewa aka duƙa haka. In aka ce mata babu kowa, waya ce, ban jin za ta yi faɗa. Za ta ce Allah ya kyauta, ta wuce da tulunta. Ni ma ba na cire kaina daga cikinsu. Shawarar likita kwana biyu nake bi in manta kwana uku, sai yatsun nan sun fara mutuwa sannan in tuna da jan haɓa.

In za a auna abin da ya rage na Inna, ba shi da yawa. Ɗakinta ya zama wurin ajiyar buhunan shinkafa. Zannuwanta an raba, sun tsufa a jikin wasu. Matan da suka yi mata tsiya yawancinsu sun bi ta. Abin da ke hannuna ni kaɗai shi ne wannan umarnin guda, wanda shi ma ta bakin wata ya iso mini.

Ina da 'ya, ita ce ta fari, shekararta goma sha biyar. Sunan Inna na sa mata, Hauwa'u, muna kiranta Ummi. Kunyar sai ta zama biyu, ga ta 'yar fari ga ta mai sunan uwa. A gidana ta tashi, ban kai ta wurin kowa ba, amma ban san lokacin da na fara aika mata saƙo ta bakin mahaifiyarta ba, ita kuma ta koyi zubewa daga bakin ƙofa. Watan jiya Rakiya ta kawo mana ziyara a Anka. Ina cikin cewa da ma akwai hoton Inna ko guda, sai ta katse ni.

"Yaya Lawali, hoton mi? Ga Inna nan cikin gidanka tana kawo maka ruwa, kamar an tsaga kara."

Makon da ya wuce, bayan la'asar, Ummi ta kawo mini abinci. Ta durƙusa ta ajiye, da ta zo tashi sai ta dafe ƙeya ta ɗan murza. Jarrabawa ta matso, wuni take a kan tabarma ta kifa kai a littafi. Mahaifiyarta tana tsakar gida tana wanke-wanke. Har na buɗe baki zan ce mata ta faɗa wa yarinyar nan ta gyara zamanta, sai na fasa.

"Hauwa'u," na ce.

Rabon da sunan ya fito daga bakina tun ranar da na yi mata huɗuba a kunne. Ƙarar kwanonin da ake wankewa ta tsaya.

"Tashi tsaye. Ja haɓakki baya kaɗan. Saki kahwaɗu. Dubi gabanki."

Na miƙe na tsaya a gabanta. Ta ɗago rabi, idonta ya koma ƙasa. Ta sake gwadawa, ya sake komawa. Na san abin da ake yi a irin wannan lokacin, ana ba yaro wuri ne. Ban tafi ba.

"Ba komi, tada kanki. Ni na."

Ta ɗago. Doguwar fuska ce, baƙa, da ɗan tabo a gefen girar hagu wanda ban san ranar da ta same shi ba. Na nemi Inna a ciki. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, ban san ko ita ce ba, domin ba ni da abin da zan gwada ta da shi. Ƙirjina ma bai motsa ba. Abin da na sani kawai shi ne wannan fuskar, in Allah ya ba ni kwana, zan iya tunawa da ita, ita ma ta ga tawa.

"Baba, lahiya?" ta tambaya.

"Lahiya lau," na ce. "Tsaya hakan nan kaɗan."