Mala Mai Juya Layi

Mala Kyari haifaffen Damagaram ne, amma rabin rayuwarsa a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ya yi ta, can cikin Najeriya, a kan layin da ya tashi daga Kano zuwa Nguru. Garinsu bai taɓa ganin layin dogo ba.

Yana saurayi ya bi kamiyon gyaɗa, wato babbar motar kaya, ya tsallaka iyaka. Dako ya fara yi a tashar, yana loda buhuna cikin taragu. Da shugaban tasha ya ga natsuwarsa, sai ya ba shi aikin juya layi, wato shi ke jan ƙarfen da ke karkatar da jirgi zuwa hanyarsa. Tashar ɗaki biyu ce, sai tankin ruwa da inuwar dogonyaro, amma ranar da jirgi zai tsaya kasuwa take zama. A nan ya haɗu da Falmata mai sayar da fura, ya aure ta, suka haifi Zakiyya. A nan kuma Falmata ta rasu, aka binne ta a maƙabartar bayan tanki.

Gyaɗa ta ja baya, jirgi ya fara jinkiri. Daga kullum ya koma mako-mako, daga baya sai dai a ji labarinsa. Ma'aikata suka watse ɗaya bayan ɗaya. Mala ya ci gaba da shafa wa ƙarfensa mai, yana cire ciyawar da ke tsirowa tsakanin layuka, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Zakiyya, wadda ke aure a unguwar Kara-Kara ta Damagaram, ta je ta ɗauko shi.

Wata rana da hantsi wayarta ta yi ƙara. Ɗan'azumi ne, tsohon abokin aikin Mala da ya rage a ƙauyen tashar. Ta kara wa mahaifinta wayar a kunne.

"Mala, wasu sun zo da mota, suna yanka layin."

"Su wa?"

"Ban san su ba. Sun ce an sayar musu."

"Ka je ka hana su mana!"

"Ni da ke dogara sanda? Na yi magana, dariya suka yi. Saurara ka ji."

Ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika wayar, sai bugun guduma. Mala ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Ya dubi 'yarsa.

"Zakiyya, nemo mota."

"Baba, iyaka a rufe take. Ko a buɗe take, wa zai ɗauke ka a wannan hali?"

Ya sa ta kira mai garin ƙauyen, ba a ɗaga ba. Ya ce ta nemo ɗan tsohon shugaban tasha, aka ce ya koma Legas tuntuni. Washegari Ɗan'azumi ya sake kira, ya ce sun kwance rufin ɗakunan tashar, sun tumɓuke ƙarfen juya layin ma.

Daga ranar Mala ya rage magana, abinci ma sai Zakiyya ta lallaɓa shi. Ta yi ta neman Ɗan'azumi don ya riƙa ɗebe masa kewa, amma layin wayarsa ya daina shiga. Da damina ta tsaya Allah ya yi wa Mala rasuwa, aka yi masa salla a ƙofar gidan surukinsa.