Malam Jibo da Bangon Inna Zalika

Da hantsi ya fara, duk wanda ke tsaye ƙofar kwalejinmu a Tanut zai hango Malam Jibo yana turo kekensa, don yashin hanyar ba ya hawuwa. Ya jingine shi, ya gaida mai gadi, ya kaɗe allin jiya daga aljihu, ya shiga aji koyar da Ingilishi. Yara da yawa ba su ga amfanin Ingilishi a ƙasar da ofis ke aiki da Faransanci ba. Shi kuwa bai taɓa gajiya ba.

Labari ya iske ni a Arlit cewa bana ya ajiye alli, ya koma gonarsa a Gangara. Tun ranar hankalina ke can.

Shekarar fari ta 1984, dabbobi na ta faɗuwa a hanyar Agadas. Inna Zalika, wadda garken mijinta ya ƙare kaf, ta kafa tukunyar shinkafa da miya a gindin wani bango kusa da makaranta, da ita take ciyar da 'ya'yanta. Wata safiya aka ga an rubuta da gawayi, daidai bisa kanta, wai naman mushe take dafawa. Masu saye suka janye. Ita ba ta yi boko ba, sai ta yi ta zama ƙarƙashin rubutun, tana komawa gida da tukunya cike.

Malam ta tare. "Malam, kowa ya zo sai ya dubi bangon nan ya wuce. Me aka rubuta?"

Bai ɓoye mata ba. Ya karanta mata, ya nemo bokiti ya wanke bangon da hannunsa, ya zauna ya ce a zuba masa.

Rubutun boko ne, don haka ya san ba daga nesa ya fito ba, daga cikin ɗalibai ne. Bai doki kowa ba, bai kai ƙara wajen jandarma ba. Ya shigo aji ya rubuta kalmomi biyu a allo. Ya ce Bature ya raba ɓata suna gida biyu: na baki sunansa slander, na rubutu sunansa libel, kuma alƙalansu sun fi ɗaukar na rubutu da nauyi. Wata ɗaliba, Kaltuma, ta ce ai ƙarya ƙarya ce.

"Haka ne, 'yata," in ji shi. "Amma mai faɗa da baki yana gajiya ya yi shiru. Rubutu kuwa, mai shi na gida yana cin tuwo, shi yana nan yana zagi."

Sannan ya ƙara ta uku, retraction, wato janyewa. Ya ce wanke bango bai isa ba, don idanu sun riga sun gani. Wanda ya rubuta shi zai janye, a rubuce, a wurin da ya yi ɓarnar.

Kullum da rana yana kan bencin Inna Zalika yana ci a gaban kowa. Bayan 'yan kwanaki gawayi ya sake bayyana a bangon: "Ƙarya na yi. Namanta halal ne." Ta kira Malam a tsorace ta tambaye shi. Da ya karanta mata, ta rufe fuska da gyale. Ta hana a wanke wannan, sai damina ce ta ɗauke shi. Har yau ba mu san mai hannun ba.

Malam, kai ne gatan wanda bai iya karatu ba. Ina kewar muryarka da ƙamshin miyar nan, da rairayin Tanut a cikin takalmi. Allah ya saka maka da alheri, ya albarkaci geronka.

Ku da Allah ya ba alƙalami, ku riƙe shi yadda ya riƙe. Wanda kuma hanya ta bi da shi ta Gangara, ya ratse ya gaishe mini da shi, ya ce ɗalibinsa na arewa na nan tafe bayan kaka.