Dutsen da Vidoje Ya Rage

A ƙauyenmu na ƙasar Sabiya, in yaro ya mutu a yaƙi ba a ga gawarsa ba, dutse ake kafa masa a bakin hanya, a sassaƙa surarsa da bindiga a kafaɗa. Vidoje ne mai wannan aiki. Bayan yaƙin farko ya yi ta sassaƙa har hanyar kasuwa ta cika da samarin dutse. Mijina na cikinsu, kuma har gobe ina nan a kan bakana, Vidoje ya ɓata masa hanci.

Da ya rage dutse ɗaya, sai ya ajiye guduma. Ya kwantar da shi a gindin tuffarsa ya zama tebur, ya rantse ba zai ƙara sassaƙa soja ba. A kan teburin nan aka haifi ƙungiyarmu, Ya Isa Haka: mu da yaƙi ya kashe wa maza, da guragu biyu, da Vidoje. Muna shan kofi, muna bin gidajen biki muna roƙon a daina harbi sama. Mun taɓa gayyato iyayen sojojin Bulgeriya, abokan gabarmu a yaƙin, muka ci abinci tare, rabin gari ya daina gaishe mu. Ni ko a jikina.

Matarsa Stamena takan ce, "Maigida, ana ta cewa tsufa ne, guduma ta fi ƙarfinka."

"Su faɗa. Muddin ana shan kofi a kan dutsen nan, Obren yana gida."

Obren ne kaɗai ɗansu. Ranar aurensa ba a yi harbi ko ɗaya ba. Wani maƙwabci ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Baba Vidoje, biki ne ko zaman makoki? Ko kaza ba ta firgita ba."

"To ka gaishe min da kazar, ita ta san darajarmu."

Shekaru suka ja, rediyo ya koma maganar yaƙi, mutanenmu suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ban yafe musu ba. Da bazara aka kira samari, Obren ya tafi. Wani abokinsa ne ya dawo ya ce ya ga faɗuwarsa a bakin kogi, ba su samu damar ɗauko shi ba.

Vidoje ya yi kamar bai ji ba. Kullum sai ya jera kofuna a kan dutsen, ni kaɗai nake zuwa, muna sha. Har tuffa ta nuna. Ran nan Stamena ta fito ta tsaya a kanmu.

"Ka yi wa ɗan kowa," ta ce a hankali. "Kowace uwa tana da inda za ta je ta yi kuka. Ni ina zan je?"

Ya daɗe yana shafa dutsen. Sannan ya dube ni ya ce, "Radojka, taya ni kwashe kofunan."

Ban taɓa yin aikin da ya ci min rai kamar wannan ba.

Ya sassaƙa Obren hannu sake, babu bindiga, hancin ma ya fita daidai. Amma shatin gindin kofunanmu na shekara da shekaru ya riga ya ci dutsen, yana nan zobe-zobe a ƙirjin yaron. Duk Asabar Stamena na zuwa da ruwa da tsumma ta yi ta gogewa. Ba ya fita.